Makara Ranar Intabiyu: Ƙaddara Ce Ko Sakaci?

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda ya yanka wa kowane al'amari lokacinsa, ya sanya rana da wata su zama ma'aunin kwanaki ga bayinsa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi tafarkinsu da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, darasin wannan mako ya shafi wata matsala wadda ba a cika kawo ta a zauren karatu ba, alhali kuwa tana raba matasa masu yawa da hanyar abincinsu. Matsalar ita ce makara, ko kuskuren rana da sa'a, sa'ad da aka kira mutum intabiyu, watau ganawar nan da masu ɗaukar ma'aikata sukan yi da mai neman aiki kafin su yanke shawara a kansa.

Tun ranar 27 ga Agusta, 1991, da aka cire Jihar Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano aka mai da Dutse hedkwatarta, garin ya zama matattarar masu neman aiki daga ƙananan hukumomi 27 na jihar. A nan ne ma'aikatun gwamnati suke, da hukumar ɗaukar ma'aikata, da hukumar ilmin firamare, da manyan asibitoci da bankuna, da Jami'ar Tarayya wadda aka kafa a 2011. Duk ranar da aka kira intabiyu, tun da sassafe akan ga samari da 'yan mata daga Birnin Kudu, Gwaram, Buji, Kiyawa, Jahun da Miga suna sauka a tasha, kowa rungume da ambulan ɗin takardunsa. Gurabe kaɗan ne, masu nema kuwa ba su ƙidayuwa. A irin wannan hali abu ƙanƙane ya isa ya fitar da mutum daga sahu.

A ɗauki misalin saurayi daga wani ƙauye a ƙasar Gwaram. Ya gama kwalejin horon malamai bayan mahaifinsa ya sayar da riɗi da akuyoyi shekara uku yana biya masa. Ya yi shekara biyu a gida yana jiran kira. Ran nan saƙo ya shigo wayarsa cewa ana nemansa a Dutse ranar Talata da ƙarfe tara na safe. Ya yi lissafi ya ga tafiyar ba ta da nisa, saboda haka bai bar gida ba sai da gari ya waye. A tasha ya tarar motar ba ta cika ba, direba kuwa ba ya tashi da kujera a wofi. Da ya isa, goma da rabi ta wuce, an kira sunansa sau uku an ja layi a kai. Ya koma gida, aka tambaye shi yadda aka yi, ya ce, "Allah bai nufa ba." Mahaifinsa ya ce, "Haka ne, wani rabon sai wani jiƙon." Maganar ta mutu a nan. To, shin daidai ne a rufe ta da haka?

ABIN DA KWAMITI YAKE GANI

Alƙur'ani mai girma ya ba da labarin ɗaukar ma'aikaci a Suratul Ƙasasi. Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya isa rijiyar Madyana, ya tarar da mata biyu sun ja baya da dabbobinsu saboda cunkoson makiyaya, ya shayar musu. A aya ta 26 ɗaya daga cikinsu ta shawarci mahaifinta ya ɗauke shi aiki, ta kafa hujja da siffofi biyu da ta gani a gare shi, watau ƙarfi da amana. Malaman tafsiri sun bayyana cewa ƙarfinsa ta gan shi ne a bakin rijiya, amanarsa kuwa a ladabin da ya nuna bisa hanya. Ke nan an gama auna shi tun kafin ya zauna gaban mai gidan.

Har yau waɗannan siffofi biyu ake nema. Satifiket da sakamakon jarrabawa suna ba da shaidar ƙarfi, watau iya aiki. Amma babu makarantar da take ba da takardar shaidar amana. Kwamiti bai san mai nema ba, bai san gidansu ba, kuma ba zai zauna da shi fiye da minti goma ko goma sha biyar ba. Alkawari ɗaya tak ya shiga tsakaninsu kafin wannan zama, shi ne na rana da sa'a. Wanda ya cika shi ya amsa tambayar farko tun bai buɗe baki ba. Wanda ya saɓa kuwa ya sa 'yan kwamiti sun tambayi kansu: wanda ya makara a ranar da ya fi kowace rana bukatar a yarda da shi, yaya zai yi ranar da albashi ya tabbata? Idan malami ne, yara sittin za su zauna jiransa. Idan ma'aikaciyar jinya ce, wadda ta kwana a bakin aiki ba za ta tafi gida ba sai ta zo ta karɓe ta.

Har ila yau, tsarin intabiyu kansa ba ya jiran kowa. Da fari akan tantance takardu, a haɗa na asali da kwafi, a rubuta sunayen waɗanda suka halarta, sa'an nan a fara kira bi da bi. 'Yan kwamiti sau da yawa daga ofisoshi daban-daban aka tattaro su, kowa da aikin da ya baro, kuma idan suka tashi sukan sa hannu a takardar maki a rufe. Mai makara ɗayan biyu ne: ko a sallame shi daga bakin ƙofa, ko a tausaya masa a gan shi a ƙarshe, lokacin da kowa ya gaji. Ko da an gan shi, zai shiga yana haki, gumi ya jiƙa rigarsa, takardunsa a hargitse, hankalinsa rabi yana wajen neman hanzarin da zai kawo. Abin da ya sani sarai sai ya kakare masa a baki.

MATSAYIN ALKAWARIN LOKACI

Mutane da yawa suna ɗaukar alkawari abu ne da ya shafi bashi da aure da ciniki kaɗai, suna ganin "ƙarfe tara" magana ce ta fatar baki. Shari'a ba ta yi wannan rarrabewa ba. Suratul Ma'ida ta buɗe da umurtar muminai su cika ƙulle-ƙullen da suka ɗaura. Aya ta 34 ta Suratul Isra'i ta sanar cewa za a tambayi bawa game da alkawarinsa. A Suratu Maryam, aya ta 54, Allah ya yabi Annabi Isma'ila da gaskiyar alkawari kafin ma ya ambaci manzancinsa. Buhari da Muslimu kuma sun ruwaito daga Abu Huraira, Allah ya yarda da shi, cewa Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallama, ya lasafta saɓa alkawari cikin alamomin munafuki uku, tare da ƙarya da cin amana.

Malamai sun yi bayani cewa wannan zargi bai hau kan wanda ya yi niyyar cikawa wani uzuri na gaskiya ya hana shi ba. Abin tsoro yana ga wanda ya ɗauki alkawari ba tare da ya damu da cikawa ba, har saɓawa ta zame masa ɗabi'a, ta kai idan ya ce azahar mutane sukan shirya masa la'asar.

Alƙur'ani ya kuma nuna yadda ake tsai da magana. A Suratu Ɗaha, ayoyi na 58 da 59, da Fir'auna ya nemi a sanya lokacin haɗuwa da matsafansa a wuri sananne, Annabi Musa bai ce sai an kwana biyu ba. Ya ambaci ranar bikinsu, ya kuma ambaci hantsi. Wuri, rana da sa'a, duka uku aka tsayar. Duk alkawarin da ɗaya daga cikin waɗannan ya ɓace a cikinsa, ƙofar saɓani a buɗe take.

SALLA MAKARANTAR LOKACI

Babu al'ummar da ta kai Musulmi samun horo a kan lokaci. Aya ta 103 ta Suratun Nisa'i ta bayyana cewa an wajabta salla a kan muminai cikin lokuta ƙayyadaddu. Ɗalibin da ya karanta littattafan fiƙihun Malikiyya a zaure ya san kowace salla tana da lokacin zaɓi da lokacin lalura, kuma wanda ya jinkirta ta zuwa lokacin lalura ba tare da uzuri irin barci ko mantuwa ko suma ba, ya yi laifi ko da sallarsa ta inganta. A watan azumi babu mai cewa "wajen magariba". Kowa ya san mintin shan ruwa, har da ƙananan yara. Alhajin da tsayuwar Arfa ta wuce shi, hajjin wannan shekara ta wuce shi, komai dukiyar da ya kashe da nisan da ya yiwo.

Akwai kuma hadisin Juma'a wanda Buhari da Muslimu suka ruwaito. A cikinsa an bayyana cewa mala'iku sukan tsaya a ƙofar masallaci suna rubuta masu zuwa bi da bi. Na farko yana da lada kamar wanda ya ba da raƙumi, na bayansa saniya, sa'an nan rago, sa'an nan kaza, sa'an nan ƙwai. Idan liman ya fito sai su naɗe takardunsu su saurari huɗuba. Masallaci ɗaya ne, salla ɗaya ce, amma sa'ar isowa ta bambanta mai raƙumi da mai ƙwai, kuma akwai lokacin da ake rufe littafi. Wanda yake jin wannan hadisi tun yana yaro bai kamata ya yi mamaki ba idan ya tarar an rufe rajista a ofis.

Abin takaici shi ne yadda aka raba rayuwa gida biyu. Mutum yakan kiyaye mintin sahur, amma idan aka kira taro ƙarfe goma sai ya bar gida sha ɗaya, yana cewa ai ba a farawa da wuri. Horon da salla take bayarwa sau biyar a yini an yi shi ne domin ya bi mutum zuwa kasuwa da gona da ofis.

INDA KUSKURE YAKE FITOWA

Ba kowace makara ce take zuwa daga lalaci ba. Sau da yawa asalinta kuskuren fahimta ne, kuma ya kamata a san ramukan domin a kauce musu.

Na farko, bambancin lissafi. Bahaushe ya gaji auna yini da asuba, hantsi, walaha, azahar da la'asar, waɗanda kowannensu yana da faɗi. Ofis kuwa da agogo yake aiki, ƙarfe tara ba ta da faɗi. Kazalika a lissafin Musulunci dare yana gaban yini, shi ya sa idan aka ce daren Juma'a ana nufin daren da ya biyo bayan yinin Alhamis. Idan sanarwa ta ce za a rufe karɓar takardu ƙarfe 12 na daren Talata, wajibi ne mai nema ya tabbatar da wane dare ake nufi, ko kuwa ya gama tun Lahadi ya huta. Haka nan "Litinin mai zuwa" da "Litinin ta sama" sun sha raba mutane da rabonsu, musamman idan saƙon ya biyo ta bakin wani. Kwanan wata ake riƙewa, a rubuta shi.

Na biyu, yadda ake rubuta kwanan watan. A Nijeriya rana ake fara rubutawa sa'an nan wata, a Amurka kuwa wata ake farawa da shi, kuma wasu na'urori tsarin Amurka suke bi. Saboda haka 4/5 tana iya zama 4 ga Mayu, tana iya zama 5 ga Afrilu. Maganinsa a duba kalanda a gani ko ranar mako da aka ambata ta dace da kwanan watan. Wanda ya ga 14:00 kuma ya sani ƙarfe biyu na rana ne, kada ya ɗauka ƙarfe huɗu.

Na uku, wuri. A cikin Dutse akwai tsohuwar sakatariya da sabuwa, akwai kuma ta tarayya. Wanda ya ce wa mai babur "kai ni sakatariya" ya bar zaɓi a hannun wanda ba shi aka gayyata ba. Jami'ar Tarayya ta Dutse da ta Dutsin-ma a Jihar Katsina duka a 2011 aka kafa su, sunayensu a taƙaice kuma sun yi kama, har mai gaggawa yana iya ruɗewa.

Na huɗu, waya. Yawancin gayyata yanzu ta saƙon waya ko ta intanet take zuwa. Wani ya cika takardar neman aiki a shagon kwamfuta, mai shagon ya sa lambarsa ko adireshinsa, saƙo ya zo ya kwanta a can. Wani ya sauya layi. Wani wayarsa ta kwana uku babu caji domin ƙauyensu babu wuta. Wanda yake jiran kira tilas ne ya riƙa duba hanyar da kiran zai biyo kullum.

Na biyar, hanya. Motar haya ba ta tashi sai ta cika. Ranar da kasuwar Shuwarin take ci, cunkoso yakan tsai da mota a mararrabar shiga Dutse. Da damina rafi yakan yanke hanyar ƙauye, kuma mutanen Jigawa ba su manta da ambaliyar 2022 ba. Tun da aka janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin mota ya hau, har wani yakan wayi gari ranar tafiya yana bin gidaje neman cikon kuɗi. Hausawa kuwa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya.

Na shida ya shafi waɗanda ake ganawa da su ta intanet daga ƙasashen waje, kamar likitoci da malaman jinya. Saudiyya tana gaban Nijeriya da sa'a 2. Ingila kuwa agogonta yana daidai da na Nijeriya daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba, sauran watanni Nijeriya tana gabanta da sa'a 1. Wanda bai tambayi agogon wace ƙasa ake nufi ba yana iya zama gaban kwamfuta bayan an tashi.

ƘISSAR KA'ABU ƊAN MALIKU

Bayan duk waɗannan akwai cuta guda wadda ta fi su ɓarna, ita ce "bari sai anjima". Babu labarin da ya fayyace ta kamar na Ka'abu ɗan Maliku, Allah ya yarda da shi, wanda Buhari da Muslimu suka kawo da bakinsa. A shekara ta 9 bayan Hijira aka yi shirin fita Tabuka, cikin tsananin zafi, 'ya'yan itatuwa sun nuna, inuwa ta yi daɗi. Ka'abu sahabi ne na gaske, yana da lafiya, yana da abin hawa har biyu, kuma ya yi niyyar tafiya. Kullum da safe yakan fita da nufin yin shiri, ya dawo bai yi komai ba, yana ce wa ransa ai duk lokacin da ya so zai iya. Haka kwanaki suka yi ta shuɗewa har runduna ta tashi. Ya ce zai shirya cikin kwana ɗaya ko biyu ya riske su. Bai riske su ba.

Da Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallama, ya dawo Madina, mutum tamanin da wani abu suka zo suna kawo hanzari suna rantsuwa, aka karɓi zahirin maganarsu aka bar zukatansu ga Allah. Ka'abu mai fasahar harshe ne, da ya so da ya tsara uzurin da zai fisshe shi. Amma ya faɗi gaskiya, cewa ba shi da wani uzuri. Aka ƙaurace masa tare da Murara ɗan Rabi'u da Hilalu ɗan Umayya har dare hamsin, sa'an nan Allah ya saukar da karɓar tubansu a Suratut Tauba, aya ta 118, wadda ake karantawa har yau.

Ba a haɗa fita tare da Manzon Allah da neman aikin albashi, amma ciwon iri ɗaya ne. Darasi biyu ke cikin ƙissar ga mai neman aiki. Na farko, kyakkyawar niyya da wadatar kayan tafiya ba su kai mutum ko'ina idan yana ɗaga shiri zuwa gobe. Na biyu, idan makara ta riga ta auku, gaskiya ita ce mafita. Wanda ya makara ya kuma ƙirƙiro mutuwar kakarsa ko hatsarin da bai faru ba, ya haɗa alamomi biyu daga cikin ukun nan da aka ambata a wuri guda, kuma 'yan kwamiti sun ji irin wannan labari fiye da sau ɗari.

ƘADDARA DA SABABI

Babu shakka arziki na Allah ne, kuma abin da bai rubuta wa bawa ba ba zai same shi ba ko da ya kwana a ƙofar ofis. Wannan aƙida ce wadda babu Musulmin da yake jayayya da ita. Amma wanda ya koyar da ita shi ne kuma, kamar yadda Tirmizi ya ruwaito, ya umurci mai raƙumi ya ɗaure raƙuminsa sa'an nan ya dogara ga Allah. A hanyar dawowa daga Haibara, da ayari ya sauka cikin dare, Manzon Allah bai kwanta ba sai da ya wakilta Bilalu ya tsare musu ketowar alfijir. Barci ya rinjayi Bilalu, ba su farka ba sai da rana ta fito, suka matsa gaba kaɗan suka rama sallar. A nan an ɗauki mataki, ƙaddara ta rinjaya, aka kuma gaggauta gyara. Wannan ne wurin da ake ambaton ƙaddara zuciya ta natsu. Saurayin nan na ƙasar Gwaram kuwa bai wakilta kowane Bilalu ba. Da ya ce "na yi sakaci, Allah ya gafarta mini", da ya fi kusa da gaskiya, da kuma ya tsira daga maimaita kuskuren.

Haka nan kalmar "in sha Allahu". Suratul Kahfi, ayoyi na 23 da 24, ta koyar da ita domin bawa ya tuna cewa gobe ba a hannunsa take ba, bayan ya ƙulla niyyar aikatawa. Mai da ita mafakar wanda bai yi niyyar zuwa ba, rashin ladabi ne ga sunan Allah.

Ɗaure raƙumi a wannan babi ba shi da wuya. Mai nema ya karanta takardar gayyata da kansa, ya sa wani ya sake karanta masa. Ya tanadi kuɗin mota tun da sauran kwanaki. Ya haɗa takardunsa na asali da kwafinsu, da shaidar ƙaramar hukuma, da ta haihuwa, da ta bautar ƙasa idan ana bukata, da hotuna, duka a ambulan ɗaya. Idan daga nesa yake, ya kwana a Dutse wajen dangi ko abokan karatu, ya je ya ga ƙofar ofishin da idonsa tun da yamma. Ya yi sallar asuba a kan lokaci, ya kama hanya, ya isa da saura rabin sa'a ko fiye. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Sahru Algamidi cewa Manzon Allah ya roƙa wa al'ummarsa albarka a cikin sammakonta. Sahru ɗan kasuwa ne, ya riƙa aika hajarsa da farkon yini, dukiyarsa ta yawaita. Mai sammako kuma ya tuna cewa wani a tafe ya kwana.

Idan duk da haka lalura ta auku, mota ta lalace ko ruwa ya tare hanya, to ya buga waya tun kafin sa'ar ta cika, ya faɗi inda yake da lokacin da yake sa ran isowa. Idan ya isa ya ba da haƙuri a taƙaice, kada ya ɗora laifi a kan direba ko gwamnati, kada kuma ya yi jayayya da masinja a bakin ƙofa. Idan an gan shi ya gode, idan an ƙi ya karɓa da ladabi, domin ofishin da aka bari da mutunci ana iya komawa cikinsa.

HAƘƘIN DA YAKE KAN MASU ƊAUKAR AIKI

Alkawari igiya ce mai baki biyu. Shugaban da ya kira mutane ƙarfe tara ya iso ƙarfe ɗaya, ya bar 'ya'yan talakawa a rana babu ruwa babu wurin zama, ba shi da bakin zargin mai makara. Haka wanda ya aika gayyata da daddare ya ce a zo da safe, ko ya ɗaga rana bai sanar ba bayan mutane sun ci bashin kuɗin mota. Malaman Malikiyya, a babin alkawarin dukiya, sun tafi a kan cewa idan wanda aka yi wa alkawari ya shiga ɗawainiya saboda shi, cikawa ta zama tilas. Hikimar wannan hukunci ta isa ta sa mai kiran intabiyu ya yi wa kansa hisabi.

Rashin tsara lokaci yana iya kaiwa ga asarar rai. Ranar 15 ga Maris, 2014, aka tara dubban ɗaruruwan masu neman aikin hukumar shige da fice a filayen wasa na manyan biranen Nijeriya a yini guda, domin gurabe da ba su kai 5,000 ba. Turmutsitsi ya auku a Abuja da wasu garuruwa, mutane suka mutu, har da mata. Raba masu nema rukuni-rukuni, a ba kowane rukuni ranarsa da sa'arsa, yana daga cikin kiyaye rai da shari'a ta wajabta. Ya kuma kamata a kauce wa lokacin sallar Juma'a, a lura da ranakun da suke kusa da Salla, tun da hutunta ya rataya ne da ganin wata, a kuma ba na nesa isasshen wa'adi.

Iyaye ma suna da nasu rabo. Uban da ya aiki ɗansa gona da safiyar ranar, ko ya hana 'yarsa kwana a gidan gwaggonta a Dutse ba tare da ya tanadar mata wata hanya ba, ya taimaka wajen rushe abin da ya yi shekaru yana ginawa. Yaron da ya tashi yana ganin mahaifinsa a sahun farko kafin a ta da iƙama, ba sai an koya masa zuwa ofis da wuri ba.

Allah ya sa albarka a lokutan bayinsa, ya buɗa wa matasa hanyoyin arziki na halal, ya sanya su cikin masu ƙarfi da amana, ya kuma tsare al'umma daga kasala da saɓa alkawari. Allah shi ne mafi sani.